Gayyatar Mawallafi Zuwa Makaranta Sai da Shiri

Maganar yau a kan wata al'ada ce wadda ya kamata makarantu su raya, watau gayyato mai wallafa littafi ya zo ya zauna da yara, ya karanta musu, su kuma su yi masa tambaya.

Waɗansu suna ɗaukar abin baƙon sha'ani ne na 'yan boko, alhali kuwa tsohuwar hanya ce a ƙasar Hausa. A zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, Shehu Maghili ya sauka a birnin, ya karantar, ya kuma rubuta wa Sarki littafi a kan riƙon mulki. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba ta bar waƙoƙinta cikin gafaka ba. Jajojinta su kan zo su ɗauka daga bakinta, su kai wa matan ƙauyuka. Malamai sun fi kowa sani, ɗalibin da ya ji littafi daga bakin mai shi har ya sami ijaza, ba a haɗa shi da wanda ya tsinci takardu yana ta lalube shi kaɗai.

Amfanin ziyarar a fili ya ke. Yara da yawa sun zaci masu rubuta littafi duk mutanen da ne, ko kuwa mutanen wata ƙasa mai nisa. Ran da yaro ya ga mawallafi a gabansa, yana magana da harshen gidansu, yana ba da labarin yadda ya yi ta rubutu yana sokewa, ran nan zai gane aikin na ɗan Adam ne, shi ma yana iyawa. Gani ya kori ji. Abubakar Imam yana malamin Makarantar Midil ta Katsina, shekarunsa 22, ya rubuta Ruwan Bagaja domin gasar da aka shirya a Zariya a 1933. Abubakar Tafawa Ɓalewa ma yana malamin makaranta a Bauchi ya rubuta Shaihu Umar domin gasar nan. Babu mai iya cewa a wane aji magajinsu ya ke zaune yau.

Amma akwai wata irin ziyara wadda ba ta haifar da komai. A kafa rumfa, a jera kujeru, manyan baƙi su yi ta jawabi har rana ta take, yara suna tsaye cikin ƙishirwa, ko bangon littafin ba su taɓa gani ba. Can daga ƙarshe a miƙa wa mawallafi magana na ɗan lokaci, a ɗauki hoto, a watse, ya koma gida da kuɗin motar aljihunsa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Saboda haka ga sharuɗɗan da ya kamata a kiyaye.

Na fari, a zaɓi littafi kafin a zaɓi rana, wanda ya dace da shekarun yaran, malamai su karanta shi su yarda da abin da ke ciki. Sa'an nan shugaban makaranta ya aika da wasiƙa, wata guda ko fiye kafin ranar, ya bayyana aji nawa, yara nawa, awa nawa, da abin da za a ba baƙon. Neman marubuta ba wuya. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1981, tana da rassa a jihohi, ga kuma sassan koyar da Hausa a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ga matan da gasar Hikayata ta BBC ta fito da su tun daga 2016, waɗanda makarantun 'yan mata za su amfana da su ƙwarai.

Na biyu, yara su karanta littafin tukuna. In kwafi bai ishi kowa ba, biyu su haɗu a kan ɗaya, ko malami ya riƙa karanta babi guda kullum. Kowane yaro ya rubuta tambayarsa. Baƙon da ya tarad da yara sun san mutanen cikin labarinsa da sunayensu, shi ne zai buɗe musu cikinsa.

Na uku, a sa ziyarar da hantsi, nesa da lokacin jarrabawa, a cikin aji, aji ɗaya bayan ɗaya. Gabatarwa ta zama gajeriya. In sha'iri ne a bar shi ya rera, domin karin waƙa a kunne a ke kama shi.

Na huɗu, kada abin ya ƙare da tafiyar baƙo. Yara su rubuta nasu labari ko baitoci cikin makon, a zaɓi masu kyau a aika masa tare da wasiƙar godiya.

Rabon attajirai a nan babba ne, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuɗin mota, da masauki, da abinci, da ladan da ya dace da mutuncin baƙo, ba su fi ƙarfin 'yan kasuwa biyu ko uku na gari ɗaya ba. Mafi alheri duka shi ne a sayi littattafan daga hannun mawallafin ko kamfanin da ya buga masa, a bar wa makaranta. Kada a sayo bugun sata don araha. Ɗan kasuwa ya san zafin a ci ribar gumin wani.

Malamai kuwa su ne baƙin da aka fi mantawa. Da yawa suna da waƙoƙi da talifi na ajami a ajiye. Yaran boko suna ganin ajami a jikin takardar naira 500 da 1000, amma kaɗan ne ke iya karanta shi. Ya kamata makarantun boko su gayyaci malamai, makarantun allo da na Islamiyya su ma su buɗe ƙofa ga marubutan kirki na boko.

Abin ba ya son jinkiri. Abubakar Imam ya rasu a 1981, Aliyu Namangi mai Imfiraji a 1990, Aƙilu Aliyu a 1999, Allah Ya jiƙansu. Babu makarantar da za ta ƙara aika musu da wasiƙar gayyata. Waɗanda ke raye, a neme su tun suna iya amsawa. Allah Ya sa a dace. Haza wassalam.