Masu rawar gargajiya ma suna bukatar horo kamar ƴan kokawa



Duk wanda ke zuwa kallon wasa a Dogon Dutsi, Matankari, Gesheme ko Tibiri ya san abin da zan faɗa. Makaɗa na tsaka da zuba kalangu, sai ka ga mai rawa ya fara haki, ƙafa ta yi nauyi, in ya juya sau uku sai jiri ya kwashe shi. Mutane su ce tsufa ne, ko su ce yaran yanzu ba su da ƙwari. Ni dai na ce rashin horo ne.

Ku dubi ƴan kokawa. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, babu jahar da ke tura ɗan kokawarta fili ba tare da an tsare shi an horar da shi ba. Amma ƙungiyar rawa sai baƙo ya kusa isowa ake tunawa da ita, a tara su kwana uku, a raba musu anko, a ce su fid da garin kunya. A zamanin samariya, lokacin Janar Seyni Kunce, unguwanni na fitowa dandali da dare a kai a kai, shi ya sa numfashi bai yanke musu.

Turawa sun daɗe da gane wannan. A 1968 wani likitan sojan Amurka, Kenneth Cooper, ya fitar da littafi kan motsa jikin da ke sa zuciya da huhu aiki na tsawon lokaci, daga baya aka haɗa shi da kiɗa ya zama rawar motsa jiki. Sirrin ba wani mai wuya ba ne: a yi rawa ba tsayawa na minti 20 zuwa 30, da saurin da mutum zai iya magana amma ba zai iya waƙa ba. In aka jure makonni, zuciya na tura jini da yawa a kowane bugu, haki ya ragu. Tsayuwa daram kuwa aikin ido ne da cikin kunne da tafin ƙafa da idon sawu. Duk sanda aka tsaya kan ƙafa guda, aka juya, aka sauya taki, su ake koya ma aiki tare. Ba mu bukatar kiɗan kowa, gangarmu ta isa.

To, ina ruwan mai tebur da wannan zance? Da ruwanta. Mace ta wuni zaune kan kujera gaban tumatir da yakuwa, daga hantsi har magariba, in ta miƙe gwiwa na ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wanda ya kai shekara 65 kuma ya ƙara da horon tsayuwa kwana 3 a mako don gudun faɗuwa. Tsohuwar da ta karye a ƙugu, jarinta a gidan likita yake ƙarewa.

Na san za a ce da kunya uwar ƴaƴa ta yi rawa. Wa ya ce a titi? Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka faro a jahar Maradi a 1991, suna taruwa kowane mako cikin gida don zubi. In an rufe asusu, a rufe ƙofa, a kife ƙwarya a ruwa, a kira ɗaya daga cikin ƴan matan ƙungiyar rawa ta ja gaba rabin awa, a sallame ta da dala ashirin-ashirin. Ita ta samu horo da na sabulu, ku kun samu lafiya. Mai hawan jini ko ciwon zuciya dai ta fara ganin likita tukuna.

Magadan gari kuma, abin da ake roƙonku kaɗan ne: ku buɗe ma ƙungiyoyin rawa gidan matasa maraice uku a mako, ku biya makaɗi guda.