Harawa, Shanu Da Giwayen Yankari

Kowace shekara, da damina ta fara ja da baya, ƙauyukan da ke kewaye da gandun dajin Yankari a Jihar Bauchi sukan shiga zaman ɗar-ɗar. Giwaye kan fito da dare su faɗa wa gonakin dawa da masara, sa'an nan in rani ya tsananta, garkunan shanu su kuma su kutsa cikin gandu neman ciyawa da ruwan kogin Gaji. Hukuma takan ɗauki waɗannan a kan matsaloli biyu dabam: manomi a ba shi haƙuri, makiyayi kuwa a kama shi a ci shi tara. Alhali kuwa duk maganar abincin dabba ce, wanda ya yi ƙaranci a ƙasar da mutane suka yi yawa.

Idan ba a manta ba, tun 1956 aka keɓe Yankari, aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido a 1962. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, ta kuma mayar wa Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 ta sami giwaye kusan 350, amma masu farautar haure suka yi ta yi musu ɗauki ɗai-ɗai har ƙiyasi ya sauko zuwa tsakanin 100 da 150. Bayan da jihar ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar WCS ta Amurka a 2014, an ƙarfafa sintiri, kisan giwaye ya ragu ƙwarai. Wannan abin yabo ne. Sai dai sintiri ba ya cika cikin saniya.

Abin da ke kai shanu gandu ba ɓoyayye ba ne. Ciyawar daji irin su gamba da kyasuwa tana da amfani ne sa'ad da take ɗanya. Da ta yi fure ta bushe a tsaye, sai ƙarfinta ya tafi, saniya ta ci ta ƙoshi amma tana ramewa. Masanan kiwo na Shika, kusa da Zariya, sun daɗe suna faɗin cewa a yanke ta kafin ta yi fure, a shanya kwana biyu ko uku, a tara a inuwa bisa dandamali don gudun gara da laima. To, amma lokacin yankan, watau wajen Satumba, shi ne lokacin da aikin gona ya sha wa kowa kai, ga kuma ruwan ƙarshen damina da kan ruɓar da abin da aka shanya. Wadda ta tsira kuwa, gobarar daji na jiran ta a hunturu.

Saboda haka ƙaramin manomi ya fi dogara ga harawar gyaɗa da ta wake, kuma a nan ba ya bukatar malamin gona. Ya san a tuge ta tun ganye bai zube ba, a ɗaure dami-dami, a ɗora bisa rufin ɗaki ko a reshen itace inda akuya ba ta kaiwa. Da ita matan gida ke kiwata ragon layya, kuma kuɗinta kan hau sosai da bazara. Mutanenmu na Legas da Ibadan ma shaidu ne, domin kuwa duk motar raguna da ta sauko Kudu gab da Babbar Salla, da buhunan harawa take zuwa.

A nan ne fa gizo ke saƙa. A da, akwai wata tsohuwar amana tsakanin manomi da Bafillace: bayan girbi shanu su shiga gona su ci kara da harawar da ta rage, su bar wa mai gona taki. Yanzu kara da harawa sun zama haja. Manomi yakan kwashe gonarsa tas ya adana ko ya sayar, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Makiyayi ya iso ya tarar da fili fayau, burtali an nome shi, fadama ta koma noman rani. Wurin da ya rage da ciyawa da ruwa shi ne gandun da aka hana shi shiga. In ya shiga, shanunsa su yi gogayya da ɓauna da gwanki a mashaya, su kuma kusanci 'yan zakokin da suka rage, waɗanda a Nijeriya ba a san da su ba sai a nan da gandun Kainji.

Gwamnatoci ba su rasa tsare-tsare ba. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta fito a 1965, kuma daga cikin wuraren kiwo 415 da ake lissafawa, kimanin sulusi ne kaɗai aka yi wa rajista. A shekarun 1980 an gwada shuka wa Fulanin yankin Kachia ciyawa mai gina jiki a fili mai hekta 4 da shinge, shanu sun amfana, amma tsadar waya da rashin mallakar ƙasa suka taƙaita abin. Shirin Ruga na 2019 bai yi nisa ba aka dakatar da shi. A 2024 kuma aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya. Yawancin maganar dai ta manyan gandayen kiwo ce. Abin da bakin Yankari ke bukata bai kai haka tsada ba: fili keɓaɓɓe a wajen iyaka, da injin yanka da ɗaure ciyawa na haya, da rumbun da makiyayi zai sayi dami a watan Maris da kuɗin da bai kai na tara ba.

Amma harawa ba za ta tare giwa ba. Babbar giwa takan ci wajen kilo 150 a yini, kuma garke guda ya isa ya share gonar eka biyu kafin asuba. Mai gonar ya yi hasara biyu ke nan, hatsin iyali da kuma karan da tumakinsa za su ci da rani, ga shi babu wani tsayayyen tsarin diyya da zai dogara da shi. An ɗaura wa wasu giwayen na'urar da ke nuna inda suke, an kuma ɗauki mutanen ƙauye masu sanar da jama'a in garke ya doso. A Kenya, manoma na kewaye gona da amya a rataye da waya, domin giwa ba ta ƙaunar kudan zuma, kuma bincike ya nuna dabarar na rage ɓarna. Ƙasar Bauchi ba ta rasa masu ɗaura amya ba, tsadar dai ta waya ce da turaku.