Kafin A Danƙa Wa Mutum Makullin Gidan Tarihi

Duk ɗan Arewa da ke zaune a Sabon Ibadan ko Agege ya san ba a ba baƙo bashin goro ko shanu sai maigidansa ya tsaya masa. Haka nan ba a ɗaukar mai gadi sai an san wanda zai amsa in ya saɓa. Abin mamaki ne a ce kasuwa ta riƙe wannan ƙa'ida, amma a yi sakaci da ita wajen kayan tarihin ƙasa, waɗanda kuɗi ba ya mayar da su.

A watan Janairun 1987 ɓarayi suka fasa gidan tarihi na Jos, suka kwashe kayayyaki, har da wani kan tagulla na Ife wanda daga baya ya ɓulla a Turai. To, amma ba ɓarawon waje kaɗai ne abin tsoro ba, don da ɗan gari akan ci gari. A 2023 babban gidan tarihi na Birtaniya da ke London ya bayyana cewa kayayyaki kimanin 2,000 sun ɓace ko sun lalace. Wanda aka sallama bisa zargi ba mai gadi ba ne, babban ma'aikaci ne da ya daɗe a wurin. Da yawa daga kayan ma ba a rubuta su a rajista sosai ba.

Yanzu kuwa kaya sai dawowa suke yi. Jamus ta miƙa wasu tagullan Binin a Abuja a Disambar 2022, Holan ta maido da 119 a 2025. Nauyin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ya ƙaru ke nan.

Saboda haka wajibi ne a binciki tarihin duk wanda zai kusanci ɗakin ajiya, ko ma'aikaci ne ko ɗan sa-kai: takardar 'yan sanda, shaidar inda ya yi aiki, da mutum biyu masu tsaya masa. Kada a tsananta wa mai gadi a ƙyale mai babbar kujera. A riƙa sabunta binciken, a ƙirga kaya kowace shekara, kada kuma makulli ya zauna hannun mutum ɗaya. Mai gaskiya ba ya gudun bincike, hasali ma shi ne ke wanke shi ranar da abu ya ɓace.