Araha Ba Ta Ado: Kira Ga Masu Tsara Shafukan Intanet

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawa daga cikin 'yan'uwanmu ɗalibai da sana'ar tsara shafukan intanet suke biyan kuɗin makaranta, har su aika wa iyaye ɗan abin da ya samu. Wannan abin yabo ne ƙwarai. Amma abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, yawancinmu mun koyi aikin, ba mu koyi yanka masa farashi ba. Sai ka tarar saurayi ya share wata guda cur yana gina wa wani ɗan kasuwa shafi, a sallame shi da naira 30,000, alhali kuwa mafi ƙarancin albashin da aka zartar a ƙasar nan a 2024 naira 70,000 ne. Wato gwanintarsa ba ta kai masa ko rabin albashin masinja ba.

A ganinmu, lissafi shi ne matakin farko. Kwamfuta tana tsufa, data ba kyauta ba ce, janareto kuwa fetur yake sha, kuma kowa ya san tsadar da fetur ya yi tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023. Bugu da ƙari, hayar masaukin shafi da wasu manhajoji sau da yawa da dala ake biya. Dalar da take kusan naira 460 a farashin gwamnati kafin Yuni na 2023, ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Masu neman aiki ta Fiverr kuwa su tuna kashi 20 cikin 100 na ladansu la'adar kamfanin ce. Duk wanda bai tara waɗannan ba, sannan ya ɗora kuɗin kwanakin da zai ɓata, to daga aljihunsa yake ciyar da mai ba shi aiki.

Sa'an nan sai ciniki. Abin mamaki, mu da muka tashi muna ganin yadda mai atamfa a Kantin Kwari yake cewa "albarka" idan an taya masa kaya a wulaƙance, ba tare da an ɓata da kowa ba, mu ne muke jin nauyin faɗin wannan kalma a kan guminmu. Idan mai aiki ya ce kuɗinsa bai kai ba, a rage masa aikin daidai ƙarfinsa: mai kuɗin shafi uku kada a gina masa goma. A karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami. A rubuta yarjejeniya, ko da takarda guda ce, a faɗi yawan shafuka, da ranar gamawa, da sau nawa za a yi gyara kyauta, domin "ɗan canza mini wannan" shi ne ke cinye riba. Kuɗin sunan shafi da na masaukinsa, waɗanda ake sabuntawa kowace shekara, a ware su daban, a kuma yi rajista da sunan mai shafin, don kada gobe a ce an riƙe masa dukiya. Tun ran gini ran zane.

Muna da magana kuma da 'yan'uwanmu matasa ma'aikatan gwamnati, waɗanda takardun irin wannan aiki ke bi ta teburinsu. Kun san wahalar da kuka sha kafin ku kama aiki. Kada ku bar takardar biyan ɗalibi ta yi wata shida a cikin fayil, domin kuɗin da aka yi ciniki a kansa yau ba shi ne darajarsa bayan wata shida ba. Kada kuma ku zaɓi mai araha don arahar kawai. Shafin da aka yi da rabin zuciya, ofishinku zai kunyata ranar da ya tsaya.

Daga ƙarshe, muna kira ga ƙungiyar ɗalibai da ta tara masu wannan sana'a su zauna, su san abin da junansu ke karɓa. Muddin ɗayanmu zai zagaya ya karya farashin ɗan'uwansa don ya samu na cefanen yau, to dukanmu ne za mu kwana da yunwa gobe.