Yaushe Za A Koma Shan Iska A Bakin Gulbi?



Duk wanda ya saba da littattafanmu na soyayya ya san inda labari ke dosa da zarar an ɗaura aure an kai amarya. Kafin a ci shafi goma ango ya yanki tikitin jirgi, sai Dubai ko Landan, in marubucin ya tausaya wa aljihunsa ya tsayar da su Abuja. Can za ka iske su a bakin teku, iska na kaɗa mayafinta, shi kuma yana zuba mata kalamai kamar ba gobe. Yarinyar da ke kwance a ɗakin uwarta a Batsari ko Safana ta karanta wannan, ta yi ajiyar zuciya, ta ƙudurta a ranta cewa fita shan iska da miji sai matar mai kuɗi. Ranar da aka kai ta gidan malamin firamare ko ɗan tireda, ko a mafarki ba ta sa ran abin. Shi ma mijin bai taɓa jin cewa da shi ake ba.

Ni kuwa a nawa ra'ayin, miji ya ɗauki matarsa su je bakin ruwa su zauna su yi hira abu ne namu, talaka ma yana da ikonsa, kuma da shi ake gane lafiyar gida da lafiyar gari. Zan yi bayani daga inda na fi sani, wato yankinmu na Yasore.

Mu dai ba mu da teku, ba mu kuma da babban kogi irin na mutanen Yawuri ko Lakwaja. Gulabenmu na damina ne. In ruwa ya sauka su cika su batse har su hana ƙetarawa, in rani ya yi su janye su bar farin yashi mai laushi, masu lambu su bi gefe da tumatir da albasa da tattasai. Haka nan mutumin ƙauye bai san wani hutun ƙarshen mako ba. Asabar da Lahadi na malaman makaranta ne da ma'aikatan ƙaramar hukuma. Hutun manomi yammacin Juma'a ne, in an sauko daga masallaci an ci abinci rana ta yi sanyi. Amma wannan ɗan lokacin ya ishi mai niyya.

Tun ina budurwa na san wani malamin firamare da matarsa da suka mayar da wannan fita al'ada. Duk yammacin Asabar, in dai ba ruwa ake ba, zai goge babur ɗinsa, ita kuma ta ɗauro 'yar kula da dambu ko kwaɗon zogale, su naɗe tabarma su bar yara wurin kakarsu. Bakin gulbi suke zuwa, ƙarƙashin wata kanya. Ya sayo rake wurin masu lambu ya fere mata, su zauna suna kallon Fulani na shayar da shanu, balbelu na bin su. Wata rana da muka je ɗibar ruwa na ji tana ce masa, "Malam, rana fa ta kusa faɗuwa." Ya ce, "Bari ta faɗi mana, Maman Abba, ai ba bashinta muka ci ba." Ta rufe baki da mayafi tana dariya. Gari ya yi ta maganarsu, wasu na cewa ta shanye shi, wasu na cewa boko ne ya ɓata shi. Masu maganar nan da yawansu sun yi aure sun saki, sun sake yi sun sake saki. Su kuwa mutanen nan har suka aurar da 'ya'yansu ba a taɓa jin kansu a gaban alƙali ba.

Mai karatu zai ce, to mene ne a cikin zaman bakin gulbi da har zai riƙe aure? Dubi yadda gidajenmu suke. Gida ɗaya ga uwar miji, ga matan wa da na ƙane, ga kishiya, ga yara fal tsakar gida. Miji ya fita tun asuba, ya dawo da magariba, ya ci tuwo ya koma majalisa, sai dare ya raba ya shigo ya tarar ta gaji ta yi barci. Yaushe za su yi magana? In ma sun fara, katangar ɗaki ba ta riƙe sirri, kafin gari ya waye zancen ya kai ƙofar gida. Masu karanta littattafaina sukan kira ni a waya, kuma mafi yawan kukan da mata ke kawo mini bai shafi ci ko sutura ba. Abin da suke faɗa shi ne, "Anti, ba ya hira da ni." Mace ta shekara goma a gidan mutum ba ta san abin da ke ba shi dariya ba, shi ma bai san abin da take tsoro ba. Ƙananan maganganu su yi ta taruwa a ciki har su zama dutse, ranar da abin ya fashe a ce shaiɗan ne, alhali kuwa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A bakin ruwa babu suruka babu kishiya, babu abokan majalisa. Ba ka fuskantar ta kamar mai tuhuma, ku biyun ruwan kuke kallo, don haka magana mai nauyi takan fito da sauƙi. A nan ne za ta iya ce maka abin da ƙanwarka ta yi mata ya ɓata mata rai, kai ma ka iya gaya mata bashin takin da ya hana ka barci.

Na san abin da maza za su ce: kunya. Bahaushe ya gwammace ya yi gaba matarsa na biye da shi taku ashirin kamar ba su san juna ba, don kada a kira shi mijin-ta-ce. Wasu kuma su jingina abin ga addini. To jama'a, ya zo a hadisi cewa a wata tafiya Manzon Allah (SAW) ya sa sahabbai su yi gaba, ya tsaya ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA) ta tsere masa. Bayan shekaru, da ta yi jiki, suka sake ya tsere mata, ya yi dariya ya nuna mata ya rama. Wane ne a cikinmu ya fi shi kunya, ko ya fi shi kishin iyali? Mace cikin hijabinta, tare da mijinta, a wurin da babu shashanci, ban ga inda ta saɓa ba. Mai mata biyu ko uku kuma ba shi da uzuri, yadda yake raba kwana haka zai raba fita. Wannan makon Uwargida, mako mai zuwa Amarya, kowa ta san ranarta.

Batun kuɗi ma ba hujja ba ne, duk da na san tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 babur ma sai an yi lissafi kafin a tayar da shi. Wanda gulbi ke bayan garinsu ƙafa ta ishe shi. Mai ɗan hali kuma ga madatsar ruwa ta Zobe kusa da Dutsinma, wadda aka kammala a 1983 a kan gulbin Karaduwa, ruwa iya ganinka, ga masunta da kwalekwalensu. Ga ta Jibiya a kan gulbin Gada. In ka ƙetara iyaka ta wajen Maraɗi ga tafkin Madarumfa. Mutanen Kano suna da Tiga da bakin kogin Wudil, Kabawa suna da Matan Fada a Argungu inda ake bikin kamun kifin da ya samo asali tun 1934. Allah bai hana mu wuraren ba. Abin da aka rasa shi ne hukumar da za ta dasa itatuwan inuwa, ta sa 'yan kujeru, ta gina ɗan masallaci da makewayi na mata, don mai iyali ya ji daɗin zuwa.

Sai dai duk wannan magana da nake yi, a yankinmu akwai abin da ya fi kunya da talauci ƙarfi, shi ne tsoro. Muna zaune ne a bakin dajin Rugu, wanda ya ratsa Safana da Batsari ya haɗe da Zamfara. Dajin da iyayenmu ke shiga neman zuma da itace da farauta, shi ya koma maɓoyar 'yan bindiga. A watan Mayun 2019 aka kashe manoma a 'Yargamji suna cikin gonakinsu, har aka kwaso gawarwakinsu zuwa birnin Katsina don hukuma ta gani da idonta. A watan Fabrairun 2020 aka afka wa Tsauwa da Dankar, mutum 30 suka rasu. A watan Disamba na wannan shekarar aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana cinikin dabbobi a kasuwanninmu, ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare, sannan aka katse layin waya na wasu watanni a ƙananan hukumomi 13 har da namu. A irin wannan hali wa zai goya matarsa a babur ya nufi bakin gulbi da yamma? Mutumin da ko gonarsa ba ya iya zuwa sai da fargaba, ina ya ga ta shimfiɗa tabarma a gindin kanya?

Ana ƙirga waɗanda aka kashe, ana ƙirga shanun da aka kora da kuɗin fansar da aka biya, kuma ya kamata a ƙirga. Amma akwai asarar da ba ta shiga lissafin kowa. Yaran da aka haifa a garuruwanmu cikin shekaru goman nan ba su san wasan gaɗa a farin wata ba. Amare da yawa an kai su ɗaki da rana tsaka cikin gaggawa. Iyalai sun baro gidajensu sun cunkushe a ɗaki ɗaya a Batsari ko Katsina, miji da mata da 'ya'ya da suruka, babu inda mutum biyu za su keɓe su yi magana. Namijin da aka raba da gonarsa ya zama mai saurin fushi, macen da ta kwana a daji da goyo ta zama mai firgita ko ƙofa aka buga. Gidaje nawa suka mutu ta wannan hanya ba tare da an harba musu harsashi ko ɗaya ba?

Wani zai ce mini, Hajiya, ana ta kai wa yake ta kaya? Ana zancen rai kina zancen shan iska? Amsata ita ce, shan iskar nan shi ne ma'aunina na zaman lafiya. An yi sulhu a 2019 ya wargaje. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya kafa dakarun tsaron al'umma a 2023. A 2025 an sake zaman sulhu a Batsari da Jibiya da Safana da wasu wuraren. Kowane lokaci mukan ji jawabi a rediyo cewa lafiya ta samu, muna kuma fatan Allah ya tabbatar. Amma ni ba jawabi nake jira ba. Manomi yakan sayar da ransa ya je gona don yunwa ta tilasta masa, ɗan kasuwa yakan bi hanya mai haɗari don dole. Shan iska kuwa babu dole a cikinsa, ba mai fita sai hankalinsa ya kwanta sarai. Ranar da na ga magidanci ya ɗauki iyalinsa sun tafi bakin gulbi ba don ɗibar ruwa ko wanki ba, suka zauna har aka kira magariba, suka dawo a hankali ba mai waiwaye, ranar zan yarda an gama.

Kafin nan ina da roƙo ga 'yan uwana marubuta. A rage kai masoya Dubai. A kawo su Zobe su sayi soyayyar tarwaɗa a takarda, a zaunar da su kan yashin gulbi da sandar rake ɗaya su raba. A rubuta shi da daɗi yadda yarinyar ƙauye za ta karanta ta ce wannan ai ni ce, saurayin da ke sayar da fetur a kwalba ya karanta ya ce wannan ai zan iya. Littafi yana koya wa mutane abin da za su yi sha'awa, kuma yana adana abin da ke neman ɓacewa. In ba a rubuta yadda bakin gulbinmu yake da yammacin Juma'a ba, yaran da suka tashi cikin ƙarar bindiga ba za su ma san akwai abin da aka ƙwace musu ba, balle su nemi a dawo da shi.

Ku kuma magidanta da Allah ya sa kuke garuruwan da ake barci da ido biyu rufe, a Kano ne ko Daura ko Wudil ko Argungu, me kuke jira? Ga ruwa a kusa da ku, ga hanya lafiya lau, amma Asabar ta zo ta wuce kuna majalisa kuna musun ƙwallo da siyasa. Abin da kuke wasa da shi, wasu can suna roƙon Allah ya nuna musu ranarsa. Mata kuma, in maigida ya yi ta maza ya ce ku fito, kada a tsaya cewa sai da mota ko sai an yi sabon ɗinki. A ɗauko tabarma a bi shi.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya mayar da masu gudun hijira gidajensu, ya zaunar da ƙasarmu da gidajenmu lafiya. Amin summa amin.