CIWON HANTA A JIKIN MASU ƘANJAMAU: ABIN DUBAWA A ƘANƘARA DA FASKARI DA SABUWA

A cikin watan Janairu na 2025 abubuwa biyu suka auku, ɗaya can nesa ɗaya nan gida, kuma mutane kaɗan ne suka lura da cewa bakinsu ɗaya. Ran 20 ga watan Shugaban Amurka, Donald Trump, ya sa hannu a takardar dakatar da taimakon da ƙasarsa ke bai wa ƙasashen waje har kwana 90, alhali kuwa da wannan taimako a ke sayen kaso mai yawa na maganin ƙanjamau da a ke rabawa kyauta a asibitocin Nijeriya. A cikin watan nan kuma 'yan bindiga suka faɗa Babban Asibitin Ƙanƙara da dare, suka ji wa likita rauni da harsashi, suka tafi da mutane. Jaridu sun ba da labarin kowanne a shafinsa dabam. Amma akwai waɗansu bayin Allah a ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa waɗanda duk abin da ya raba su da maganinsu, ko daga Washintan ya taso ko daga dajin da ke bayan garinsu, hantarsu ya ke nufa. Su ne masu ɗauke da cuta biyu a jiki guda, watau ƙanjamau da ciwon hanta irin wanda likitoci suka sa wa lamba B.

Mu ba likitoci ba ne, aikinmu na makarantu ne. Amma wanda ya saba duba rajistar aji ya san cewa yaron da ba a rubuta sunansa ba, ba a cigiyarsa ran da bai zo ba. Wannan shi ne halin da mutanen nan ke ciki.

Bari mu fara da ƙidaya. A 2018 Gwamnatin Tarayya ta sa aka bi gida gida a dukan jihohi ana auna jinin mutane, kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya bayyana sakamakon a watan Maris na 2019. An sami ƙanjamau a jikin kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49. Jihar Katsina tana cikin masu mafi ƙaranci, kashi 0.3, watau mutum uku cikin dubu. Wannan abin godiya ne, an kuwa yi ta faɗarsa. Abin da ba a faɗa da ƙarfi ba shi ne, binciken nan ya sami ciwon hanta mai lamba B a jikin kashi 8.1 cikin ɗari na manyan mutanen ƙasar, a cikin masu ƙanjamau kuwa kashi 8.9. In an fassara shi da lissafin kasuwa, cikin kowane mutum goma sha ɗaya da ke layin karɓar maganin ƙanjamau, kusan ɗaya yana da ciwo na biyu a hantarsa. Lissafin ƙasa duka ne wannan, amma ba mu ga dalilin da zai sa a ce ƙasarmu ta kuɓuta daga cikinsa ba.

Mutanenmu sun san shawara, sun san idan ido ya yi rawaya da fitsari ya yi ja. Amma shawara alama ce kurum, abubuwa da yawa ke kawo ta. Ciwon da mu ke magana a kai wata ƙwaya ce ƙanƙanuwa da ke zaune a cikin jini, wadda wani likitan Amurka, Baruch Blumberg, ya gano alamarta a 1965. Hanyoyin da ta ke bi su ne na ƙanjamau: jini, da saduwar namiji da mace, da haihuwa. Sai dai ta fi ƙanjamau saurin kamu nesa ba kusa ba, har ma tana iya kwana bakwai da ranta a jikin aska ko reza wadda jini ya bushe a kanta. To, mai karatu ya tuna da askar wanzami guda ran kasuwar Sheme, da ƙahon da a ke kafa wa wannan a cire a kafa wa wancan, da mai yankan farce, da allurar da a ke yi a bayan kanti.

Wani abin mamaki game da ita, babban mutum in ya kamu, galibi jikinsa kan kore ta, waɗanda ta ke zaunar wa ba su kai biyar cikin ɗari ba. Amma jaririn da ya kamu wajen haihuwa, tara cikin goma ta zauna masa ke nan har girma. Saboda haka da yawa daga cikin masu cuta biyun nan, ciwon hantar ya riga ƙanjamau shiga jikinsu da shekara ashirin ko talatin, tun suna goye suka same shi, ba su yi wani abin da za a zarge su a kai ba. Yana nan shiru, ba zazzaɓi ba ciwon kai, yana cin hanta sannu sannu har ta ƙeƙashe, ciki ya kumbura da ruwa, ko ta zama sankara. Ƙanjamau in ya tarad da shi sai ya ƙara masa gudu, domin ya raunana garkuwar da ke danne shi. Wani bincike da aka buga a 2002, wanda aka bi maza fiye da 5,000 a Amurka, ya nuna mutuwa ta dalilin hanta a cikin masu cuta biyun ta ninka ta masu ƙanjamau kaɗai wajen sau takwas.

To, ga inda Allah ya kawo sauƙi. Ƙwayar da mafi yawan masu ƙanjamau ke sha yau a Nijeriya, guda ɗaya kullum, haɗin magani uku ce: tenofovir da lamivudine da dolutegravir. Biyu na farkon suna danne ƙwayar ciwon hanta kamar yadda su ke danne ƙanjamau, tenofovir kuwa yana cikin mafiya ƙarfin magungunan da duniya ta ke da su a kan ciwon hantar. Watau dubban mutane suna shan maganin cutar da ba su ma san suna da ita ba. Jifa ɗaya tsuntsu biyu, ba a ƙara ko kwabo ba.

Amma maganin nan danne ƙwayar ya ke yi, ba ya fid da ita daga hanta. Ran da aka daina sha sai ta tashi ta hayayyafa, jiki kuma ya taso mata da yaƙi, filin dagar kuwa ita ce hantar. Cikin 'yan makonni ko 'yan watanni sai a ga ido ya yi rawaya, amai da kasala sun zo, wanda hantarsa ta riga ta ƙeƙashe kuwa tana iya tsayawa gaba ɗaya. Mai ƙanjamau kaɗai in ya yi fashin wata biyu ya yi wa kansa ɓarna, amma sau da yawa ya kan sami damar komawa a gyara. Mai cuta biyu ba lalle ne ya sami wannan dama ba. In ya rasu kuma, sai a ce shawara ce ta kashe shi, ko sammu, ba wanda zai haɗa mutuwarsa da hanyar da aka tare.

Hanya kuwa an sha tare ta a ƙasar nan. Ba mu bukatar tuna wa mutanen Ƙanƙara. Su sun san daren 11 ga Disamba 2020, sa'ad da aka kwashi yara fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta garin. A ƙarshen Agusta 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya kafa dokar da ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta kuma hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A watan Satumba aka katse wayar salula a ƙananan hukumomi 13, waɗannan uku suna ciki, aka yi watanni a haka. Ba mu ce Gwamnati ta yi kuskure ba, abin da ya ishe ta ne ya sa. Amma a dubi mutumin ƙauye da kwanan karɓar maganinsa ya zo a lokacin: ba motar da zai hau, ba akuyar da zai sayar ya yi kuɗin mota, ma'aikacin asibitin da ya saba kiransa ya tuna masa kuma ba shi da hanyar samunsa. Daɗin daɗawa, kunya ta kan sa mutum ya ƙi asibitin garinsu kada maƙwabci ya gan shi a layi, ya tafi Funtuwa ko Malumfashi ko ma Shika ta Zariya ya yi rajista. Shi da kansa ya tsawaita hanyar da za a tare masa.

Akwai kuma wata hanyar rabuwa da maganin wadda ba ruwan ɗan bindiga a ciki. Idan ƙwayar farko ta daina yi wa mutum aiki a kan ƙanjamau, ko ƙodarsa ta nuna alamar gajiya, a kan sake masa haɗi, sau da yawa a cire tenofovir a sa wani. Ga mai ciwon hanta ƙa'ida ita ce a bar masa tenofovir a cikin sabon haɗin, in kuwa ƙoda ta hana, a nemo masa wani da zai tsare hantar, domin lamivudine shi kaɗai ƙwayar kan saba da shi bayan 'yan shekaru. Haka nan allurar nan mai daɗewa a jiki da a ke ta yabo, wadda a ke yi bayan wata ɗaya ko biyu maimakon ƙwayar kullum, ba ta taɓa ciwon hanta ko kaɗan. To, yaya malamin asibiti zai kiyaye wannan ƙa'ida in ba a rubuta kome a katin majiyyaci ba?

Nan ne maganar ta tsaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da ciwon nan a duniya, ya kashe miliyan 1.1 a shekarar, waɗanda aka auna aka tabbatar musu kuwa kashi 13 ne kurum cikin ɗari. Awon ba wuya gare shi ba, ɗigon jini ne daga yatsa, kafin a sha shayi a tashi an ga sakamako. Hukumar ta daɗe da ba da shawarar a yi shi ga duk mai ƙanjamau. Amma maganin ƙanjamau kyauta ne tun 2006, awon hanta kuwa a wurare da yawa sai majiyyaci ya sa hannu a aljihu, talaka kuma ba ya biyan kuɗin neman cutar da ba ta yi masa ciwo.

Da taimakon Amurka ya yi tangal-tangal, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a watan Fabrairu 2025 a fid da naira biliyan 4.8 don sayen maganin ƙanjamau. Wannan ya yi kyau, ya kuma nuna an gane cewa kwanon aro ba ya kwana a gida. Abin da ya rage ƙarami ne, ba ya fin ƙarfin Gwamnatin Jihar Katsina. Tun da masu ƙanjamau a jihar ba su da yawa, a auna su duka, kowa sau ɗaya, kyauta, a rubuta a katinsa da jan alƙalami yadda ko wane asibiti ya faɗa gudun hijira za a gani. Wanda aka samu da cuta biyu a gaya masa ƙiri-ƙiri da Hausa cewa fashi gare shi ba kamar fashin saura ba ne. In lafiyarsa ta daidaita a ba shi na wata shida a hannu, abin da dokokin aikin sun riga sun yarda da shi, kuma ran da magani ya yi ƙaranci a sito shi za a fara sallama. Wanda aka auna ba a sami kome ba, a yi masa allurar rigakafi.

Sa'an nan a bi shi gida. Matarsa da 'ya'yansa suna bukatar awo da rigakafi, mai ciki kuwa ita ce kan gaba. Allurar ciwon hanta ta shiga jerin rigakafin yara a Nijeriya tun 2004, kuma ta farkon ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, sauran a mako na 6 da na 10 da na 14. Amma galibin matan karkararmu a ɗaki su ke haihuwa, jariri ba ya fita sai bayan suna, saboda haka askar wanzami ta kan riga allurar asibiti isa jikinsa. A dukan Afirka, in ji rahoton Hukumar na 2024, jarirai 18 ne cikin ɗari ke samun allurar ranar haihuwa. Ungozoma da mai unguwa da liman su ne suka fi kowa sanin gidan da aka haihu daren jiya, su ya kamata a ɗora wa aika saƙo asibiti. Jihar Kano ta kafa dokar awon jini kafin aure a 2024, ta sa ciwon hanta a ciki. Abin da mu ke jin tsoro game da irin wannan doka shi ne a mai da ita abin fasa aure, alhali wanda ba shi da ciwon allura uku ta ishe shi kariya.

Wata 'yar magana ga manoma, tun da ƙasar nan ta masara ce, kasuwar Ɗandume kuwa shaida ce. Masara da gyaɗa in an zuba su a rumbu ba su bushe ba sun kan yi fumfuna, fumfunar kuwa tana da dafi wanda in ya haɗu da ciwon hanta ya kan gaggauta sankara. Ƙwayar da ta yi baƙi ko kore a tsince ta a zubar, kada a ce za a niƙa a yi kunu. Haka kuma jiƙe-jiƙen da a ke ɗirka wa mai shawara, hantar da ta gaji ita za ta tace su.

Mu ma malaman makaranta muna da laifinmu. A darasin kiwon lafiya mun cika yara da zancen sauro da ƙuda da wanke hannu, amma ɗalibin kwalejin horon malamai ya kan gama karatunsa bai taɓa jin cewa reza guda da a ke yawo da ita a ɗakin kwana tana iya sa wa mutum ciwon shekara talatin ba. Wannan gyara a hannunmu ya ke, mun kuwa ɗauka.

A cikin 2025 an yi zaman sulhu da 'yan bindiga a Faskari da Sabuwa da waɗansu ƙananan hukumomi, mutane kuma sun rabu biyu a kan ko zai ɗore. Ko wane ne ya yi gaskiya, duk kwanan da hanya ta ke buɗe kwana ne da ma'aikatan lafiya za su iya ɗauko rajista, su nemo waɗanda suka ɓace daga layi tun 2021, su auna hantarsu kafin a mai da su kan magani.