MAI ƊAKI SHI YA SAN INDA YAKE YOYO

Jama'a, kullum ana kwaɗaita wa samari aikin ƙera kumbo, ana ba su labarin albashi da ɗaukaka. Ba mu ƙi ba. Amma akwai abin da ake ɓoye musu, mu kuwa sai mun faɗa.

Injiniyan da ke tsara gangar jikin roka yana tsaka mai wuya. In ya sa ƙarfe mai kauri, nauyi ya hana ta tashi. In ya rage, girgiza da zafi su yaga ta. Rokar Atlas ta farko, fatar tankinta ba ta kai kaurin kwabo ba, in ba a cika ta da iska ba sai ta lotse. To, mutumin da ya iya wannan lissafi, in ya ce akwai haɗari, wa ya isa ya ce masa yi shiru?

Ashe akwai! Ran 16 ga Janairu 2003 kumbon Columbia ya tashi daga Amurka. Daƙiƙa 82 da tashi, wani guntun soso ya ɓalle daga tankin mai ya bugi fiffiken hagu. Rodney Rocha, babban injiniya a sashen gangar jiki na hukumar NASA, ya roƙa a ɗauki hoton fiffiken tun kumbon yana sama. Manya suka ƙi, wai soso ya saba faɗowa ba a ga komai ba. Ya sake rubuta takardar kuka, amma bai aika ba, don an koya masa ba a ƙetare na gaba. Ran 1 ga Fabrairu kumbon ya tarwatse a sararin Texas, mutum 7 suka halaka. Da aka gwada daga baya, irin wannan soso ya huda rami na wajen inci 16.

Kada a ce tsautsayi ne. Tun 1986 aka yi irinta. Roger Boisjoly da abokan aikinsa sun ce kada Challenger ya tashi cikin sanyi, don robar da ke toshe gaɓoɓin roka za ta sandare. Manajoji suka danne maganarsu. Daƙiƙa 73 kumbon ya wargaje, mutum 7 suka mutu. Ladan Boisjoly? Aka ƙaurace masa har ya bar aikin. Assha!

Don haka muke cewa, duk inda ake ƙera kumbo, a ba injiniya ikon tsai da tashi ba tare da tsoron kora ba. Kai kuma saurayi mai sha'awar wannan sana'a, koyi lissafi da halin ƙarfe, sa'an nan koyi cewa a'a a gaban ubangidanka. Ƙarfe ba ya jin fadanci. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.